Akwai Allurar da Za Ta Raba Ni da Fenta Bayan Aikin Haihuwa?

TAMBAYA

  Ina ɗauke da ciki wata bakwai, kuma shi ne na biyu. Haihuwar fari aiki aka yi mini bayan na sha doguwar naƙuda, yanzu kuma a wurin awo likita ya ce wannan ma aikin za a yi, har an sa rana. Ni ba aikin nake tsoro ba, abin da ya biyo bayansa ne har yau bai bar raina ba. Da allurar baya ta sake ni, ciwon da na ji a marata ba ya faɗuwa. Sai aka riƙa yi mini wata allura a cinya, wadda na ji malaman asibiti suna kira fenta. In an yi ta ɗakin ya riƙa juyawa, ga amai, ga barcin da ba na hutu ba. In ta sake ni kuma ciwon ya dawo sabo, ni kuwa ina jin nauyin kiran nas saboda surukata na zaune a gefen gado. Sai da na kwana biyu ban iya riƙe ɗana da kyau ba, har aka fara ba shi madarar gwangwani. Da aka sallame ni aka haɗo ni da tiramol. Malama, tiramol ɗin nan ita ta lalata mana ƙanena, kuma da ciwon baya ya fara shan ta. Ban sha ko ƙwaya ɗaya ba, na yi ta cije leɓe har ciwon ya lafa don kansa.

Matar yayana da ta haihu a Ingila ta ce mini ita allura aka yi mata a gefen ciki, dama da hagu, tun tana kan gadon tiyata, wadda ke kashe jijiyoyin wurin, kuma washegari ta tashi da ƙafarta. Shin gaskiya ne? Ana yin ta a nan? Ba ta taɓa jariri ta nono? Za ta raba ni da fenta da tiramol gaba ɗaya? Surukata kuma ta ce duk allurar da aka yi wa mace a baya ita ke jawo ciwon bayan da ba ya warkewa. Ki taimake ni da bayani don Allah.

Mai jiran haihuwa, daga Kaduna

AMSA

'Yar'uwa, Allah Ya sauke ki lafiya, ƙanenki kuma Allah Ya yaye masa, Ya dawo muku da shi.

Matar yayanki gaskiya ta faɗa miki. Allurar tana nan, likitoci suna kiranta TAP, kuma ki riƙe sunan nan don shi za ki ambata a asibiti. Tana rage buƙatar magunguna dangin mofin, wato su fenta da tiramol da kodin da fetidin, ragewa ta sosai. Amma kalmar "gaba ɗaya" da kika sa a tambayarki, ba zan yi miki alkawarinta ba, kuma in kika ji dalili za ki ga ba abin damuwa ba ne.

Ciwon bayan aiki iri biyu ne, kodayake mai jego ba ta cika bambance su ba. Akwai ciwon bangon ciki, wato fata da naman da aka yanka aka ɗinke a ƙasan cibiya. Shi ne mai kaifi, mai kama ki in za ki yi tari, ko atishawa, ko ki juya, ko ki sauko da ƙafa daga gado. Akwai kuma na can ciki, ciwon mahaifa, wadda ita ma an yanka ta, ga shi kuma tana murɗawa don ta koma yadda take, musamman in jariri ya kama nono. Wannan murɗar ko wadda ta haihu da kanta tana jin ta, kuma takan fi tsanani a haihuwa ta biyu da ta uku fiye da ta fari. Allurar TAP ciwo na farko take kashewa. Na biyun ba ta kai masa sosai.

Ga yadda abin yake. Bangon cikin mutum ta gefe nama ne hawa uku, kamar tabarmi uku da aka shimfiɗa ɗaya kan ɗaya. Jijiyoyin da ke ɗaukar saƙon zafi daga fatar ciki da mara su kai shi laka, daga nan ya wuce ƙwaƙwalwa, sun fito ne daga ƙashin baya, suka zagayo ta gefe, suka ratsa tsakanin hawa na biyu da na uku. Likitan sa barci zai ɗora na'urar sikanin, irin wadda ake duba miki ciki da ita, a tsakanin haƙarƙarinki na ƙarshe da ƙashin ƙugu. A allon zai ga hawa ukun ɓaro-ɓaro. Sai ya tura allura yana kallon bakinta har ta isa tsakanin nan, ya zuba maganin kashe wuri kamar mililita 20, ya koma ɗaya gefen ya maimaita, tunda yankan aikin haihuwa a gicciye yake, ya taɓa dama ya taɓa hagu. Maganin, bufibaken ko rofibaken, dangin wanda likitan haƙori ke sa wa dasashi ne kafin ya cire haƙori. Yana jiƙa jijiyoyin ne su daina kai saƙo na wasu awanni. Ba ya bugarwa, ba ya sa jiri ko barci, ba kuma a sabawa da shi har jiki ya riƙa nema. Ana yin ta ne da zarar an gama ɗinki, lokacin allurar baya ba ta sake ki ba, don haka ko shigar allurar ba za ki ji ba. Duka aikin bai cika wuce minti goma zuwa sha biyar ba.

Ƙarfinta yakan ɗauki awa 8 zuwa 12, wasu matan ya fi haka. Za ki ce ai kaɗan ne. To amma ki tuna allurar baya awa biyu zuwa huɗu take yi ta saki mutum, kuma awannin da ke biyo bayan sakinta su ne mafi tsanani a duk jinyar. Su ne waɗanda kika ce ba sa faɗuwa. Wannan allura daidai wurin take tsayawa.

Ba daɗaɗɗiyar dabara ba ce. Wani likita mai suna Rafi ne ya fara bayyana ta a 2001, a lokacin da hannu ake lalube ba tare da na'ura ba. A 2007 Peter Hebbard da abokan aikinsa a Ostireliya suka nuna yadda za a yi ta ana gani a sikanin, abin da ya sa ta fi daidaito, ta kuma fi aminci. A 2008 John McDonnell da 'yan sashensa a Galway ta ƙasar Ailan suka wallafa gwajin da suka yi da mata 50 da aka yi wa aikin haihuwa. An raba su biyu, rabi aka sa musu maganin, rabi aka sa musu ruwan gishiri. Cikin awa 48 na farko, waɗanda aka sa wa ruwan gishiri sun buƙaci mofin wajen miligiram 66 kowacce, waɗanda aka sa wa maganin kuwa wajen 18. Ragin ya haura kashi 70 cikin ɗari. Gwaje-gwajen da suka biyo baya ba duka suka sami ragi mai yawan haka ba, amma alƙiblar ba ta sauya ba: mace takan buƙaci ƙasa da abin da da za ta buƙata. Ki lura dai da 18 ɗin nan, ba sifiri ba ce. Shi ya sa na ƙi yi miki alkawarin "gaba ɗaya".

Akwai wani ɓangare na labarin da ba a cika faɗa ba, kuma a ganina shi ya fi shafar mu. A ƙasashen da asibiti ya wadata, abin da aka fi dogaro da shi bayan aikin haihuwa ba TAP ba ce. Ɗan mofin ne ƙanƙani, wajen kashi ɗaya cikin goma na miligiram, da ake haɗawa cikin allurar bayan tun farko. A Ingila wani ɗan'uwansa ne suka fi sawa, diyamofin. Kada sunan ya razana ki. Mofin ɗin da ake sawa a baya wajen kashi ɗaya ne cikin ɗari na wanda ake yi wa mutum a cinya, domin kai tsaye yake isa laka, inda saƙon zafi ke bi. Yana rufe ciwo iri biyun nan duka, har kusan awa 24. Aibinsa ƙaiƙayi da tashin zuciya. Da aka gwada ƙara TAP a kan wannan, kamar yadda aka yi a Kanada a 2009, sai aka ga ba ta ƙara wani abin a zo a gani ba. Saboda haka jagorar da ƙwararrun Turai suka fitar a 2021, mai suna PROSPECT, ta ce a fara da ɗan mofin na baya tare da farasitamol da maganin kumburi, sannan in ba a sa mofin a baya ba, a yi TAP ko makamanciyarta.

Yanzu ki dubi asibitocinmu. Mofin ɗin da ake sawa a baya na musamman ne, wanda ba a gauraya shi da sinadarin adanawa ba, kuma wadda aka sa wa tana buƙatar nas da za ta riƙa duba numfashinta a kai a kai cikin yinin farko. Asibitoci da yawa a nan ba su da maganin, inda yake kuma nas ɗaya ce ke riƙe da ɗaki guda cikin dare. Shi ya sa aka koma wa fenta a cinya. Ma'ana, yanayin da TAP ta fi amfani a cikinsa shi ne ainihin yanayinmu. Ina ganin wannan allura ta fi cancantar yaɗuwa a Kano da Gusau da Maraɗi fiye da Landan. Maganin ba mai tsada ba ne. Abin da ya yi ƙaranci shi ne hannun da ya ƙware, da na'urar da ta dace a cikin ɗakin tiyata, da shugabannin asibiti da za su ɗauki ciwon mai jego a matsayin abin da ake yi wa tanadi.

Ana yin ta a nan? Wurin da ya fi dacewa ki sa rai shi ne manyan asibitocin koyarwa masu cikakken sashen likitocin sa barci, irin na Shika a Zariya, ko na Malam Aminu Kano, ko na Ɗanfodiyo a Sakkwato, da wasu asibitocin kuɗi. A ƙananan asibitoci galibi ƙwararren nas ne ke yin allurar baya, kuma ba kowa aka koya wa wannan ba. In aka ce miki ba a yi, ƙofa ba ta rufu ba. Likitan da ke yin aikin zai iya zuba irin maganin nan a gefunan yankan kafin ya rufe fata. Wannan ba ya buƙatar na'ura ko wani ƙwararre na daban, kuma jagorar da na ambata ta sa shi cikin abin da za a iya yi. Wasu likitocin tiyata kan yi TAP ɗin ta ciki, suna gani da ido kafin su ɗinke. Akwai kuma allurar da ake yi kusa da tsinin ƙashin ƙugu ta gaba, mai kashe jijiyoyi biyu da ke kula da fatar mara. Sai wata mai suna QL, wadda Rafael Blanco ya fito da ita, ya kuma gwada ta ga masu aikin haihuwa a Abu Dhabi a 2015. Ita ta fi zurfi, ta fi matsawa baya, takan kuma fi daɗewa, amma ta fi wuyar yi.

Ba zan ɓoye miki haɗarinta ba. Babban abin tsoro shi ne maganin ya shiga jini da yawa, ko don allura ta faɗa jijiyar jini, ko don an zuba fiye da ƙima. Jikin mai ciki da mai sabuwar haihuwa ya fi saurin jin wannan. Alamominsa na farko su ne ɗanɗanon ƙarfe a baki, mutuwar leɓe da harshe, ƙara a kunne, da jiri ko ruɗewa. In ya yi tsanani yana kai wa ga jijjiga, har ya taɓa bugun zuciya. Ba kasafai yake faruwa ba, amma ya taɓa faruwa ga masu jego, don haka ake auna magani da nauyin jiki, a kuma ci gaba da sa ido bayan an yi ta. Maganinsa wani farin ruwa ne mai maiƙo da ake ƙarawa ta jijiya, kuma ya kamata duk inda ake yin allurar ya kasance a ajiye. In kika ji ɗaya daga alamomin nan ki yi magana nan take. Bayan wannan, allurar da aka yi da lalube tana iya wuce wuri ta taɓa hanji ko hanta, abin da na'urar sikanin ta rage ƙwarai. Wani lokaci kuma ƙafa takan yi sanyi na wasu awanni, musamman da QL, shi ya sa tashin farko ba a yin sa sai da mai riƙewa. Wani lokacin ma gefe ɗaya ya kama, ɗayan bai kama ba.

Batun nono, ki kwantar da hankalinki. Abin da ke isa nono daga bufibaken kaɗan ne ƙwarai, wanda ya isa ɗin ma hanjin jariri ba ya tsotse shi sosai. Magungunan da kike gudu ne suka fi buƙatar lura ta wannan fuska. A 2017 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin kada mai shayarwa ta sha kodin ko tiramol. Dalili kuwa, hanta ce ke sarrafa su su koma wani sinadari mai ƙarfi, kuma akwai mutanen da hantarsu ke yin wannan da sauri fiye da ƙima, bisa gado. A Habasha an sami kusan mutum uku cikin goma haka suke. Uwa ba ta da hanyar sanin ko tana cikinsu, kuma in tana ciki, abin da zai isa ga jaririn yana iya sa shi barci mai nauyi, ya kasa kama nono, numfashinsa ya yi rauni. Fetidin ma yakan taru a jikin jariri ya sa shi kasala. Don haka ƙin shan tiramol da kika yi kina shayarwa yana da hujja, kodayake abin da ya dace shi ne ki koma a sauya miki da wani, maimakon ki zauna da ciwo.

Na zo kan ƙanenki. Tsoronki ba na banza ba ne. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da gwamnatin Najeriya a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 ne suka sha magunguna dangin mofin ba bisa umarnin likita ba cikin shekara guda, galibi tiramol, kuma cikin duk mutum huɗu masu shaye-shaye ɗaya mace ce. A shekarar ne aka haramta maganin tari mai kodin, bayan rahoton da BBC ta yi. Ita kanta fenta akwai waɗanda suka kamu da ita, suna yi wa kansu har cinya da damtse su yi gyambo, nama ya sandare. Yunƙurin rage waɗannan magunguna bayan tiyata kuwa daga Amurka ya fi ƙarfi, inda kusan ɗaya cikin uku na haihuwa aiki ne, inda kuma aka daɗe ana sallamar mai jego da ƙwayoyi masu yawa. Wani bincike da Brian Bateman ya jagoranta a can a 2016 ya gano cewa cikin matan da ba su taɓa sabawa da irin maganin ba, wajen ɗaya cikin 300 ce ta ci gaba da sha bayan aikin haihuwa. Waɗanda suka fi faɗawa su ne masu tarihin shaye-shaye, da masu shan taba, da masu daɗaɗɗen ciwon baya ko ciwon kai na ɓari guda, da masu shan maganin damuwa ko na barci.

Lissafin nan abu biyu yake faɗa. A ƙasar da ake yi wa mata fiye da miliyan guda aiki kowace shekara, ɗaya cikin 300 mata ne masu yawa. Amma ga mace ɗaya, yana nufin allura biyu ko uku a asibiti, ƙarƙashin idon likita, ba su ne ke mayar da mutum ɗan ƙwaya ba. Haɗarin ya fi zama a ƙwayar da aka tafi da ita gida, aka ci gaba da sha bayan ciwo ya wuce don tana sa barci ko tana ɗauke damuwa, ko aka ƙaro ta daga kemis ba takarda, ko aka bar ragowarta a durowa wani ya ɗauka. Kuma kada mu ɗauko tsoron Amurka ɗungurungum mu ɗora wa kanmu. Matsalarmu a asibiti ta fi karkata ga rashi. Wani kwamitin masana da mujallar Lancet ta kafa ya ba da rahoto a 2017 cewa mofin ɗin da Najeriya ke samu don majinyata bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na buƙata ba. Ƙwaya ta cika titi, gadon asibiti kuma babu ingantaccen maganin ciwo. Idan bayan duk abin da aka yi miki ciwo ya fi ƙarfinki, aka kawo miki allura ɗaya, ki karɓa da natsuwa. Ki dai gaya wa likita tun farko cewa fenta ba ta karɓe ki ba, da kuma halin da ƙanenki ke ciki, don ya san yadda zai tsara.

Abin da zan fi jaddada miki ba allura ba ce ma. Magunguna biyu ne da kowa ya raina: farasitamol, da maganin kumburi irin ibufurofen ko dikilofenak. Su ne ginshiƙin duk tsarin, kuma maganin kumburin shi ne ke kai wa ga murɗar mahaifar da TAP ba ta taɓawa. Sirrinsu shi ne a sha su bisa agogo, ko ana jin ciwo ko ba a ji, cikin kwanakin farko. A fara tun kafin allurar gefen ciki ta saki, domin ciwon da aka tare tun bai taso ba ya fi sauƙin riƙewa fiye da wanda ya riga ya kama jiki. Abin da ya faru da ke wancan karon ke nan: ana jira sai ciwo ya kai maƙura, a buga miki mai ƙarfi, ya sake ki, a sake jira. Farasitamol ga babba giram ɗaya ne duk awa shida, ba a wuce giram huɗu a yini, kuma ki duba kada wani maganin mura ko na ciwon jiki da kike sha ya zama da shi a ciki. Ibufurofen da dikilofenak ɗaya ake zaɓa, ba a haɗa su. Dukansu ba sa hana shayarwa. Sai dai maganin kumburi ba na kowa ba ne. Mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, da wadda ta zubar da jini da yawa, da wadda hawan jinin ciki ya taɓa wa ƙoda ko jini, da mai asmar da irin maganin ke tayar mata, duk sai likita ya duba tukuna.

Kin ce kina jin nauyin kiran nas saboda surukarki. Na san wannan kunyar, da ita aka rene mu, an kuma koya mana cewa mace ta gari ba a jin muryarta a wurin haihuwa. Amma aikin haihuwa babbar tiyata ce, an buɗe ciki an yanka mahaifa. Namijin da aka yi wa irin ta ba wanda zai ce masa ya daure, balle a miƙa masa jariri ya shayar cikin dare. Dauriyar tana da farashi. Macen da ciwo ya ɗaure ba ta numfashi da zurfi, ba ta tari, ba ta tashi, kwanciyar kuma ita ke jawo daskarewar jini a ƙafa da ciwon huhu da kumburin ciki. Jariri kuma ya rasa dakashi, nonon farkon nan mai kauri da ya fi komai amfani gare shi. Wani bincike da James Eisenach ya jagoranta a 2008 ya nuna matan da suka sha matsanancin ciwo a ranakun farko bayan haihuwa sun ninka sauran sau biyu da rabi wajen zama da ciwon har bayan mako takwas, sun kuma ninka su sau uku wajen faɗawa baƙin cikin bayan haihuwa. Ki samu wadda ba kya jin nauyinta, yayarki ko ƙanwarki ko ƙawa, ta kwana da ke daren farko, ku kuma yi magana da maigida ya fahimci abin tun yanzu, don shi zai fi iya yi wa mahaifiyarsa bayani cikin ladabi.

Tunda an sa ranar aikin, kina da damar da mai aikin gaggawa ba ta da ita. A awo na gaba ki nemi a haɗa ki da wanda zai yi miki allurar baya. Ki ba shi labarin wancan karon kamar yadda kika ba ni. Ki tambaye shi ko za a sa ɗan mofin a bayan, in ba za a sa ba ko suna yin TAP, in ba sa yi ko likitan tiyata zai zuba maganin kashe wuri a yankan. Ki tambayi ko akwai abin da za ku saya ku zo da shi, da kuɗinsa, don kada a zo ranar a ce babu. Ki roƙi a rubuta miki farasitamol da maganin kumburi bisa lokaci, da maganin amai. Ki faɗa masa in wani magani ya taɓa yi miki illa, ko kina shan maganin tsinka jini. Likitan kirki ba ya jin haushin irin waɗannan tambayoyi.

Maganar surukarki kuma, TAP ba a baya ake yin ta ba, a gefen ciki ne. Ita allurar bayan takan bar ɗan tsami a wurin da aka soka na 'yan kwanaki, amma binciken da aka yi bai nuna tana jawo daɗaɗɗen ciwon baya ba. Ciwon bayan mai jego galibi daga nauyin ciki yake, da sakin gaɓoɓi, da sunkuyon shayarwa da goyo, kuma waɗanda ba a taɓa yi wa allura ba su ma suna fama da shi. Ga aikin haihuwa, allurar baya ta fi ta barci aminci ga yawancin mata. Wankan jego kuwa, kada a gasa wurin ɗinki da tafasasshen ruwa ko a danna shi da tawul mai zafi, balle ma fatar wurin takan daɗe a mace, tana iya ƙonewa ba ki ji ba. Ruwan ɗumi da sabulu ya isa, a tsane wurin ya bushe.

Ciwon aiki na al'ada kullum raguwa yake. In kika ga yana ƙaruwa bayan kwana uku ko huɗu, ko zazzaɓi ya rufe ki, ko wurin ɗinki ya yi ja ya kumbura yana fitar da ruwa ko mugunya, ko jini ya ɓalle, ko jinin biƙi ya yi wari, wannan ba na ƙara ƙwaya ba ne, asibiti za ki koma a ranar. Haka nan in ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya yi miki wuya, ko kika sami ciwon kai mai tsananta in kin tashi zaune ya lafa in kin kwanta, ko ciwon kai da gani dishi-dishi. Jaririn ma, in an ba ki wani magani dangin mofin sai kika ga ya yi laushi, yana wuyar tashi, ba ya kama nono, ko numfashinsa ya yi ƙasa, ki dakatar da maganin ku kai shi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.